Jar Hula a Ƙofar Al Thumama

Har gobe ban manta da ranar da Habibu ya tare wani dattijo a ƙofar filin wasa na Al Thumama saboda hula ba. Ku da kuka zo Doha bayan an gama gasar cin kofin duniya, ba ku ga ruɗanin da muka sha ba.

A ƙarshen 2022 ne. Kamfaninmu na tsaro ya samu aikin wasu ƙofofin filin, aka ba ni shugabancin ƙofa ɗaya. Masu bincike suna tsaye bakin na'ura suna duba jaka da aljihu, ni ina bayansu. In abu ya fi ƙarfina sai in kira mudir, wato babban mai kula da mu, ta rediyo. Namu wani Basudane ne, Ustaz Bashir, mutum mai haƙuri amma ba ya son dogon bayani.

Kafin a fara gasar aka tara mu bita. Matar da ke koyar da mu ta yi ta nanata magana ɗaya: aikinmu shi ne mu raba wasa da siyasa. To, wuƙa da kwalba kowa ya san su. Amma siyasa? Na ɗaga hannu na ce tutar ƙasa fa? Ta ce wannan ba siyasa ba ce. Hoton shugaban ƙasa a jikin riga? Ta ce ya danganta. Rubutu da harshen da ba mu iya karantawa ba? Shi ma ya danganta. Muka fito kowa ya fi yadda ya shiga ruɗewa.

Habibu, ɗaya daga cikin masu binciken ƙofata, Bakano ne, ni kuwa Bazazzage, don haka kullum muna cikin tsiya. Lokacin korona otal ɗin da yake gadi a Lusail ya rage ma'aikata, ya yi watanni a ɗaki yana jiran kira, ga iyali a gida. Wannan aikin na wucin gadi ne, an kuma gaya mana ƙarara: wanda ya gama gasar ba tare da wani ɗan kallo ya kai ƙararsa ba, shi za a riƙe. Wanda aka kai ƙara, khalas, wato shi ke nan, sai filin jirgi a mayar da shi gida. Shi ya sa Habibu ya riƙe maganar bitar nan da hannu biyu.

A daidai lokacin ana yaƙin neman zaɓe a gida. A Kano akwai ɓangaren da jar hula ce alamarsu. Su Habibu kuwa gidansu kaf na ɗaya ɓangaren ne, musamman kawunsa da ya rene shi. Nakan tsokane shi cewa ko zoɓo ba ya sha saboda launinsa.

Ranar, Maroko ce za ta buga. Mutane sun cika maƙil, ana kaɗa ganguna, sai na ga layin Habibu ya tsaya cak. Na matsa, na tarar da shi riƙe da wata jar dara mai tuntu, a gabansa wani dattijo da kai babu hula, ransa a ɓace. Kusa da shi 'yarsa ce, babbar mace, tana faɗa da Turanci.

Na ce, "Habibu, lafiya?"

Ya ce, "Oga, siyasa ce. Dubi bayansa."

Na duba. Wallahi maza ne reras a layi, kowa da jar hula iri ɗaya.

Ya ce, "A gida in ka ga jajayen huluna sun yi anko haka, ai ka san gangami ne. Ba ce mana aka yi mu raba wasa da siyasa ba?"

Na buɗe baki zan ce ya mayar masa da hularsa, sai na sake tunani. Ni me na sani game da Maroko? In su ma suna da jam'iyyar jar hula fa? In na bar su suka shiga, kyamara ta hasko su, ni za a tambaya. In na hana su kuma alhali ado ne kawai, Habibu ne zai tafi gida. Ga layi yana ta ihu.

Na kira Ustaz Bashir. Ya zo yana haki, ya dubi hular, ya dubi Habibu, ya ce, "Ina siyasar?"

Habibu ya fara bayanin Kano tun daga tushe: wane ne ya yi gwamna, wa ya ɓata da wa. Ustaz ya dafe kai ya ce, "Wannan tsohon, ɗan Kano ne?"

Muka ce a'a.

"To me ya haɗa shi da gwamnanku?"

'Yar dattijon ta ce mahaifinta tun yana saurayi yake sa wannan hular a ranar farin ciki, kuma ba a taɓa tuɓe masa ita a bainar jama'a ba sai yau. Ta nemi a nuna mata inda ake kai ƙara. Na dubi Habibu. Tausayinsa ya kama ni, domin na san abin da ke jiransa.

Da ɗan Larabcina na kasuwa na durƙusa wa dattijon. Na ce, "Ya Hajji, ka yafe masa. A garinsu wannan hular ta abokan hamayyarsu ce, shi ya sa ya tsorata."

Dattijon ya sa 'yarsa ta maimaita masa, sai ya fashe da dariya har yana tari. Ya ce ba zai kai ƙara ba, amma da sharaɗi: Habibu ya sa hular a kansa su ɗauki hoto tare.

Habibu ya ja da baya. Ya ce min da Hausa, "Oga, ka san abin da ake nufi da wannan a gidanmu kuwa?"

Na ce, "Na sani. Ka kuma san abin da ake nufi da filin jirgi."

Ustaz Bashir ya ce, "Yalla, yalla, maza ku yi sauri, layi!"

Habibu ya runtse ido ya ɗora hular. Dattijo ya rungumo kafaɗarsa, aka ɗauka, ya karɓi abarsa ya shige yana ɗaga mana hannu. Ashe wani abokin aikinmu, ɗan ɓangaren jar hula na gaske, shi ma ya ɗauka da wayarsa. Kafin a tashi wasa hoton ya isa Kano.

Washegari a ɗaki na ji Habibu yana waya. "Kawu, wallahi ban sauya sheƙa ba. Hular Maroko ce. A'a, Kawu, ba jam'iyya ba ce, ƙasa ce." Ya saurara, ya sauke wayar a hankali. Kawun ya ce masa hula ja dai ja ce, ya kashe.

An riƙe Habibu a aiki, yana nan Lusail har yanzu. Ni kuwa har yau in aka ce in faɗi inda siyasa ta fara da inda ta ƙare, ba zan iya ba. Abin da na gane kawai shi ne, mun tsaya muna laluben ta a jakunkunan mutane, alhali mu masu laluben da tamu muka taho daga gida. Shi ya sa duk wanda ya tare abu a ƙofa ya ce min siyasa ce, nake fara tambayarsa: a garinku ko a garin mai abin?

Kawun kuwa sai bayan an gama zaɓe ya sake ɗaga wayar Habibu. Bayan gaisuwa, abin da ya fara tambaya shi ne ko ya yar da hular.