Filash ɗina ne ya kayar da ƙanena

A lokacin ni budurwa ce mai ɗan shagon ɗaukar hoto a Samaru, ina cin abinci da ɗaliban jami'a: hoton fasfo, na kammala karatu, wani sa'in na suna a Bomo. Duk wanda na taɓa ɗauka a tsaye yake cak yana murmushi. Shi ya sa kaina ya kumbura, nake ganin babu abin da zai gagare ni.

Ƙanena kuwa damben zamani yake yi a Sabon Gari. Mama ba ta so, amma shi ne abin da ya iya, kuma ya iya shi ƙwarai. Da aka shirya gasar zaɓen waɗanda za su wakilci jiha, ya zo har shago ya roƙe ni in je in ɗauke shi.

A wani tsohon ɗakin taro aka yi. Tagogi ƙanana, an ɗauke wuta, janareto na riƙe da 'yan ƙwayayen fitila kawai. Duk abin da na ɗauka a zagayen farko shirme ne, hannu ya zama hayaƙi, fuska babu. Yanzu na san da sai in buɗe idon kyamarar sosai, in ƙara mata sauri, in haƙura da hoto mai dishi-dishi. A ranar kuwa sai gumi. Sai wani dattijo ya matso, ya kira ni 'yarsa, ya ce in koma wancan lungun in kunna filash, fitilar nan mai walƙiya, wai kowa haka yake yi. Har godiya na yi masa. Ashe kocin abokin karawar ƙanena ne, kuma lungun da ya nuna mini daidai fuskar ƙanena yake.

Ƙanena ya ɗaga hannu zai kai naushi, na danna. Hasken ya dalle masa ido, ya runtse, abokin karawarsa kuwa ya sauke masa naushin dama a muƙamuƙi. Har yau ina jin ƙarar. Ya zube, bai tashi ba.

Kafin in ankara an fizge mini ɗankwali. Wani ya ce sayar da ɗan'uwana na yi, wata ta tofa mini yawu, aka yi ta shurina ina rungume da kyamara a ƙasa. Dattijon nan, mugu mara tsoron Allah, shi ya fi kowa ɗaga murya cewa a fitar da ni waje. Alƙalin wasa ya ce sakamako ya tabbata.

A asibiti aka ce muƙamuƙin ya karye, aka ɗaure masa haƙora da waya, likita ya ce ya manta da dambe. Ina kuka a bakin gado, Mama ta dafa ni, a gabansa ta ce in daina, Allah ne ya amsa addu'arta ta hannuna. Tun daga nan ƙanena ya ɗauka baki muka haɗa da Mama. Na rantse har na gaji. Ya dube ni, ya yi magana ta tsakanin haƙora:

"Yaya, hoton dai ya yi kyau ko?"

Ya yi kyau kuwa. Shi kaɗai ne ya fito tar, idonsa a rufe, naushi na isowa.

Yanzu keke mai ƙafa uku yake tuƙawa tsakanin Dogarawa da kasuwa. In na tsayar da shi zai ɗauke ni, ya gaishe ni da ladabi kamar kowace fasinja, ya sauke ni ba tare da ya waiwayo ba. Da zagina yake yi, da ya fi mini sauƙi.

'Yan'uwana masu ɗaukar hoto, filin wasa ba shago ba ne. Kada ku haska idon wanda ke tsakiyar karawa, kada kuma ku karɓi shawarar wanda ba ku san ɓangarensa ba. In duhu ya fi ƙarfinku, ku sauke kyamara ku yi kallo. Ni na ji kunyar komawa gida babu hoto, sai na koma babu ƙane.