Gwiwar Ango

Har yau in na ji samari suna gardama a kan wane ɗan baya ne ya jawo aka ci su, sai in tuna tukubar mai tsire ta Ƙofar Kware. A can na fara gane cewa wanda bai taɓa buga ƙwallo ba ya fi kowa sanin ciwon da ke ƙafar mai bugawa.

Zamanin Turawa ne, ƙwallo bai daɗe da tsallako katangar makarantar Midil ya shigo unguwa ba. Wani malamin makaranta ne ya kawo mana shi, na fata mai igiya, wanda in ya sha ruwa ya sauka a kan mutum sai ya ga taurari da rana tsaka. Tunda ƙwallon nasa ne, shi ke cewa wane zai buga, wane zai zauna. Ba takalmi ake yi, a wani fili bayan ganuwa, an kafa azara bibbiyu a matsayin gida. Ni dai kallo ne nawa. Nakan zo da ɗan littafin soyayya a aljihu, irin waɗanda 'yan Sabon Gari ke shimfiɗawa a kasuwa, in wasa ya yi sanyi in buɗe.

'Yan gabanmu sai dai a yi musu addu'a. Abin alfaharinmu mutum biyu ne a baya. Ɗaya dillalin shanu ne a kara, mai faɗin ƙirji, ya girme mu duka. Ɗayan abokina ne tun na ƙuruciya, mahauci, siriri, mai gudu kamar maraƙin da ya tsinke igiya. Abin da ya sa ba a wuce su kuwa baki ne. Daga busa usur har a tashi suna yi wa juna ihu.

"Naka na, raggo!"

"Matsa hagu, ƙaton banza!"

In ƙwallo ya taso sama tsakaninsu, kafin ya sauko an riga an zagi wani, an kuma san wanda zai sa kai. Su yi karo, su faɗi tare, su tashi suna kakkaɓe wa juna ƙasa.

Sai soyayya ta shigo. Dillalin yana da ƙanwa, mai idanu kamar nonon da aka tatso da asuba, mai tafiya kamar ba ta son ta ɓata wa ƙasa rai. Abokina ya gan ta, ya daina cin abinci yini guda. Ni na raka shi zance, ina ta shirin ganin abin da na karanta: iyaye su ƙi, a yi kuka, a rabu, wani ya kwanta ciwo. Ba su yi mini wannan alfarma ba. Ya ce yana so, ta ce tana so, iyaye suka ce madalla. Aka ɗaura aure, muka ci, muka sha, tun daga ranar kowa yake kiransa Ango.

Babu wanda ya zauna ya yi tunanin abin da aka ɗaura tare da auren. Yayan matarka surukinka ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka haɗa ido da shi, ba ka cin abinci a gabansa, in kun haɗu a hanya ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Shi ma ba zai sake sakin baki a gabanka ba, dole ya riƙe girmansa.

Wasan farko bayan biki da yaran Midil muka yi, waɗanda a da muke mayarwa makaranta suna share hawaye. Ƙwallo ya taso sama, daidai tsakanin mutanen namu biyu. Ango ya taho a guje, ya ɗaga kai ya ga wanda ke tahowa, sai ya ja birki, ya sunkuyar da kai, ya mai da hannu baya. Dillali shi ma ya tsaya, ya ɗan miƙa hannu kamar mai cewa baƙo bismillah ga tuwo. Ƙwallon ya sauka tsakaninsu ya yi tsalle, wani yaro da bai kai kafaɗar kowannensu ba ya bi ta tsakiya ya zuba mana. Ban taɓa ganin ladabi mai kyau irin wannan ba.

Can kuma wani ya zagayo ta bayan dillali. Na ga Ango ya buɗe baki zai yi ihun da ya saba, sai ya haɗiye. Abin da ya fito, a hankali, shi ne, "Yaya, a yi haƙuri, kamar ga wani nan tahe." Kafin ya kai ƙarshen maganar golanmu ya tafi ɗauko ƙwallo a cikin gero.

Haka aka yi ta yi mana, wasa bayan wasa. Kowace la'asar sakaliya kuwa tukuba ta cika. Manyan masana uku ne: mai tsiren kansa, da wani masinjan En'e wanda ya taɓa ganin Turawa suna bugawa don haka ba a ja da shi, da wani tsohon baduku da bai taɓa taka filin ba, don a cewarsa wasan Nasara ne.

"Gwiwa ta," in ji masinja. "Ku dibi yadda Ango shika tsayawa. Gwiwar dama ta tahi. Na ga irinta ga wani Bature."

"Wace dama?" in ji mai tsire, yana barbaɗa yaji. "Ta hagu ta, Malam. Ni da nika ganin ƙahwar dabba kullum?"

"To ƙahwar dabba munka ce maka?"

"Ku bar yaron ga," in ji baduku. "Amarci na. Wa yat taɓa yin amarci yai gudu? Ni sa'adda niy yi nawa, ko tsani ban iya hawa."

"Baba, kai ko yanzu ba ka iya hawa," in ji mai tsire.

Wani daga baya ya ce a'a, laifin dillali ne, ya tsufa, tumbi ya fito, kafin ya juya an yi sallar magariba. Nan 'yan kara suka miƙe, don nasu ne. Suka ce ci na farko na Ango ne, na biyu ma nasa ne, na uku kuwa ko makaho ya ga ƙwallon ya fi kusa da shi. Mahauta suka ce to wa ya fi tsawo? Wa ya kamata ya sa kai? Aka kawo tsinken tsire aka jera a ƙasa, wannan Ango, wannan dillali, gutsuren albasa shi ne ƙwallo. Baduku ya karɓi albasar ya nuna mana dalla-dalla yadda aka ci mu a wasan da bai gani ba, sannan ya cinye ta. Aka taɓo asiri, aka ce 'yan Sabon Gari sun binne wani abu a bakin azara. Aka taɓo iskar da ta kaɗa. Gola kaɗai ba a taɓa ba, don ɗan mai tsire ne, kuma kowa yana son a ƙara masa yanka.

Duk wanda ke wurin ya ga abin da na gani. Kowannensu yana da suruki, kowannensu ya taɓa tsallaka kwata don kada su haɗu a lungu. Amma wa zai buɗe baki ya ce kunya ce ta ci mu? In ka faɗa, ka ce ke nan ɗan mutunci ya koma zagin yayan matarsa a gaban jama'a. Gwiwa ta fi sauƙin faɗi.

Ana cikin haka malamin makaranta ya zo da labari. Za mu kara da akawunan Sabon Gari, masu takalma da ƙusoshi a ƙasa, har an ce Razdan, babban Baturen lardi, zai leƙo. Ya ce ba zai kai waɗannan 'yan bayan haka gaban Bature ba. Cikin biyun ɗaya zai zauna, ya sa wani ɗalibinsa. Bai faɗi wanda zai cire ba, amma ba sai ya faɗa ba. Ango ya fi ƙuruciya, ya fi gudu. Dillali za a zaunar, kuma a shekarunsa in ya zauna ya zauna ke nan.

Na sami Ango a mahauta yana wasa wuƙa, fuska ba annuri. Na san abin da ƙwallo yake a wurinsa. Tun muna yara yake ɗinke tsumma yana bugawa a lungu har a kira shi da bulala.

"In anka hidda shi anka bar ni," ya ce, "da wace huska za ni shiga gidansu? In gaishe shi in ce mi? Sannu da zama?"

Na ba shi shawara mafi kyau da na sani. Na ce ya je ya same shi da yamma, lokacin da rana ta yi ja a kan ganuwa, ya kama hannunsa, ya dube shi cikin ido, ya ce, a gida kai yayana ne, a fili kuwa mu biyu zuciya ɗaya ce a ƙirji biyu. Na ce dillali zai yi ƙwalla, su rungume juna.

Ya daina wasa wuƙar ya dube ni. "In kama hannunai? In dube shi cikin ido? Kai, littattahan ga sun gama da kai."

A gwajin ƙarshe kafin wasan, ana tsakiyar bugawa, babu kowa kusa da shi, ƙwallo ma yana can gaba, sai Ango ya kurma ihu ya zube. Ya kama gwiwar dama yana birgima. Da aka taru a kansa, ya hango mai tsire a tsaye, ina jin bai so ya ɓata masa ba, sai ya saki ta dama ya kama ta hagu. Aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa gidan maɗori. Maɗorin ya lalluba nan, ya lalluba can, ya dubi Ango, ya dubi taron da ya biyo shi, ya ce lallai abin ya yi tsanani. Ya zaɓi ta dama ya ɗaure da karare.

Ran nan tukuba ta cika kamar sallah. "Mi nic ce muku?" in ji masinja, yana zagaya mutane ɗaya bayan ɗaya. "Dama! Ban ce dama ba?" Mai tsire ya ce maɗorin ne ya yi kuskure, ta hagun ce, lokaci zai nuna. Baduku ya ce ko dama ko hagu, amarci ne ya sauka a gwiwa.

Ina zaure wurin Ango washegari sai ga dillali ya zo dubiya. Ango ya yunƙura zai durƙusa da ƙafa a ɗaure, ya kusa kifewa. Dillali ya tsaya daga bakin ƙofa, yana kallon kararen nan. Mutumin da sana'arsa ke nan, ya hango saniya daga nesa ya faɗi ƙafar da take ɗingisawa da ita. Ya daɗe yana kallo.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Allah shi ƙara sauƙi."

Ya juya ya tafi. Da yamma aka aiko da ƙafar sa guda daga gidansa, wai a yi wa mai jinya romo gwiwa ta yi ƙarfi. Amarya ta dafa, tana dariya har da riƙe ciki. Ni na so ta yi kuka, ko kaɗan ne, amma ba ta karanta abin da na karanta ba.

Ranar wasa dillali ya tsaya da ɗalibin malam a gefensa, ya zage shi tas tun daga farko har ƙarshe, muryarsa har bakin kasuwa. Ya yi wasan da ya daɗe bai yi ba. Duk da haka akawuna suka ci mu, don takalmi takalmi ne. Razdan bai zo ba. Ango yana tsaye kusa da ni, ya dogara da sanda. Duk sanda ƙwallo ya taso sama wajen dillali, sai in ga leɓensa yana motsi ba sauti. Na matsa na kasa kunne. "Naka na, ƙaton banza," yake cewa.

Da yamma bakunan da suka yi ta binne Ango suka tono shi. Da Ango na nan da ba a ci mu ba. Ba a taɓa yin ɗan baya irinsa a Sakkwato ba, ba kuma za a yi ba. Masinja ya ce ko cikin Turawa bai ga kamarsa ba, in ban da gwiwar nan. Mahauta da 'yan kara suka haɗu a kan ɗalibin malam, tunda ba shi da kowa a tukuba.

Gwiwar ba ta warke ba, don in ta warke tsohuwar tambaya za ta dawo. Na taɓa ganin wani bijimi ya ƙwace a mayanka, Ango ya bi shi a guje, ya tsallake katanga ya kamo shi, sannan ya waiwaya ya ga ana kallo, ya dawo yana ɗingishi. Lokacin da dillali ya bar ƙwallo don kansa, Ango ya riga ya yi nauyi, ɗingishin kuma ya zauna masa, har ba ya sanin yana yi.

Sun tsufa a unguwa ɗaya. Ranar Juma'a nakan hango su a hanyar masallaci, dillali a gaba, Ango a baya da 'yar tazara, kamar yadda ya kamata. In sun zo hawan nan na kusa da ƙofa, dillali yakan tsaya ya yi kamar yana gyara rawani, har sai mai gwiwa ya iso.