Motar da Ta Fi Ƙarfin Aro

Motar Baba ta farko ba ta da komai a cikinta sai abin da zai sa ta tafi. Haka ya saye ta sabuwa dal, haɗin Kaduna, lokacin ina 'yar firamare. Ba ta da rediyo, wani baƙin murfin roba ne a inda ya kamata rediyon ya zauna. Ba ta da esi. Gilashi da hannu ake murɗa shi, na bayan direba kuwa sai an haɗa da tafin hannu ana tura shi sama. Madubin gefe ɗaya ne tak, a ɓangaren Baba. A ɗaya ɓangaren, duk wanda ya zauna a gaba shi ne madubi, shi zai leƙa ya ce a taho ko a dakata. Ƙasanta baƙar roba ce, kujerunta leda mai ƙona cinya in rana ta take. In ta yi datti sai a watsa mata ruwa da bokiti ciki da waje, a bar ƙofofi a buɗe ta sha iska.

Ni dai a lokacin ban ga abin so a jikinta ba. Na taɓa yi wa Baba ƙorafi cewa motar uban wata ƙawata har kaset take ci. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce min. Ya dube ni ta madubin ciki ya ce, "Uwata, kiɗa muka fito ji ko unguwa za mu?"

Baba jemammun fatu yake sayarwa a Kasuwar Kurmi, irin waɗanda dukawa ke yin jaka da takalmi da su. Gidanmu yana can cikin wani lungu a Dukawuya inda mota ba ta shiga, saboda haka a bakin lungu take kwana, ƙarƙashin dalbejiya. Kurmi ma ba wurin ajiye mota ba ne. Sai ya zamana yawancin ranaku Baba ya tafi kasuwa ya bar ta, makullinta kuma a rataye jikin wata ƙusa a soronmu. Kowa a lungun ya san ƙusar nan. In lalura ta taso, mutum zai yi sallama, ya ɗaga murya ya gaya wa Umma cewa za a kai wance asibiti, ya zare makulli ya nemi wanda ya iya tuƙi. Sharaɗin Baba ɗaya ne, a mayar da makulli inda aka gan shi.

Babu abin da motar nan ba ta ɗauka ba. Ta ɗauki masu naƙuda, ta ɗauki ragon suna bayan mako guda, wani lokaci a kujera ɗaya. Ta ɗauki itace da buhunan gero daga ƙauye da tukwanen biki da baƙinsu. Akwai wanda aka haifa a kujerar baya daidai Ƙofar Wambai, yanzu ga shi nan da gemunsa da 'ya'yansa, tsofaffin lungu ba su fasa tsokanarsa ba. An ce zumunta a ƙafa take, to tamu dai taya huɗu gare ta.

Wanda ya fi kowa morar ta shi ne maƙwabcinmu na jikin katanga, mai ɗinkin aikin babbar riga, abokin Baba tun suna makarantar allo. Malam kawai muke ce masa. Bai taɓa koyon tuƙi ba, amma kullum yana da inda za a kai shi, kuma babu wanda ya kai shi zagin motar. Gwangwanin Alhaji yake kiranta. Ranar da batir ya yi sanyi, in an fito sallar asuba mutanen masallaci ne ke tura ta. Malam ba ya turi. Tsayawa yake a gefe da carbinsa yana ba da umarni, yana cewa a ƙara ƙarfi, yana gaya wa Baba lokacin da zai saki kuloci, shi da bai san inda kulocin yake ba. In ta tashi kuma shi ne farkon shiga gaba.

Sai da na girma na gane me motar take a wurin Baba. Shi ba mai kuɗi ba ne, ba malami ba ne, ba shi da sarauta. Abin da yake da shi na taimakon jama'a ita ce. In ya dawo da yamma ya ga ƙusa babu komai, fuskarsa sakewa take, ya ce, "Ta tafi aiki." Ranar da ya tarar da makulli a rataye sai ya tambayi Umma ko lafiya.

Ta daɗe ƙwarai. Na yi aure tana nan, na fara koyarwa tana nan, 'ya'yana ma sun shige ta. Daga baya tsatsa ta cinye ƙasanta har kana hango kwalta ta tsakanin ƙafafunka, inji ya soma shan mai kamar ruwa. Bakaniken da ya gaji aikinta daga ubansa ya ce, "Alhaji, a bar baiwar Allahn nan ta huta." Ranar da 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo jan ta, Baba bai fito ba. Malam ne ya tsaya a kansu yana yi musu faɗa su bi ta a hankali.

Ni da yayana muka haɗa ƙarfi za mu saya masa wata. Da yake ni ke tashi aiki da wuri, ni na riƙa zagayawa da shi wurin dillalai. Abin da yake so bai da wuya a faɗa: irin waccan. Giyar hannu, ƙasan roba, gilashin murɗawa. A fili na farko wani dillali mai fara'a ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba, ai irin wannan an daina yi. Ko 'yar Kwatano ka ɗauko, ful ofshin za ka gan ta. Mafi araha a filin nan ma da esi take zuwa, da kamara a baya, gilashi kuwa maɓalli kawai za ka danna."

Baba ya ce, "To a cire min su."

Dillalin ya yi dariya, ya dube ni don in taya shi, ya ga ban yi ba. Ya ce, "Ba sa ciruwa, Baba. Duk a haɗe suke da ƙwaƙwalwarta. Ka taɓa ɗaya sai ta ƙi tashi."

"Har ƙwaƙwalwa gare ta?" in ji Baba. "Ni tawa fa, me zan yi da ita?"

Haka muka yi ta yawo fili bayan fili, magana ɗaya. Wani ya ce mutane ne ba sa so, in ka kawo mota tsirara sai ta shekara ba a taya ba. Wani ya ce kamfanonin ne suka ga ribar tana cikin ƙyale-ƙyalen. Ni ban san wanda ya fi gaskiya ba, amma abin ya ba ni haushi, har yau ma yana ba ni. Da, mai ƙaramin ƙarfi yana iya sayen tafiya zalla. Yanzu dole sai ka haɗa da ado, ko kana so ko ba ka so, in ba haka ba ka tsaya bakin titi kana tsayar da adaidaita sahu. Waɗanda suka rage irin ta Baba tsofaffi ne da suka fi tasa jin jiki.

A ƙarshe muka ɗauki wadda ta fi duka sauƙi. Ruwan toka ce, otomatik, kujerunta na yadi mai haske kalar madara, ƙasanta kafet. Da aka ajiye ta ƙarƙashin dalbejiya duk lungu ya fito. Ana ta Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a kashe lafiya. Amma na lura kowa hannunsa a baya yake zagaya ta. Malam ya sunkuya ya leƙa ciki ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Ma sha Allah." Bai ƙara ko kalma ba. Mutumin da bakinsa ba ya shiru a kan mota.

Baba ya rataye sabon makullin a ƙusar nan. Kwanaki suka yi ta wucewa babu wanda ya taɓa shi. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa a majalisa, cewa mota fa tana nan yadda aka saba. Kowa sai ya ce, "Ai mun sani, Alhaji, Allah ya saka da alheri." Washegari ka ga mutumin ya ɗora buhu a bayan mashin. Ba gaba ba ce, ba hassada ba ce, kara ce irin tamu. A cikin gari mutum yana aron abin da in ya ɓata zai iya kallon idon mai shi. Tsohuwar, in ka ƙuje ta ƙujewar ta shiga cikin 'yan'uwanta, babu mai ganewa. Wannan kuwa ko yaro ya jingina da ita sai uwarsa ta daka masa tsawa.

Ana nan, wata rana bayan azahar Malam ya yanke jiki ya faɗi a kan ɗinkinsa yana aman jini. Gyambon ciki ne da ya daɗe yana ɓoyewa. Baba yana kasuwa. Motar tana bakin lungu, mai a cikinta, makulli a soro. Sai da aka fita har babban titi aka nemo adaidaita, aka naɗe dattijon nan a ciki ƙafafunsa a waje, aka yi ta cin karo da ramuka har asibiti. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai wani zancen.

Da yamma na kai Baba duba shi. Malam yana kwance ana yi masa ƙarin jini, babban ɗansa a tsaye a kansa, magidanci ne da ya sha tuƙa tsohuwar motar. Bayan an gaisa an yi ya jiki, Baba ya dubi ɗan ya ce, "Ba ka ga makulli ba ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi Baba na shiga soron, har na kai hannu. Shi ne ya ce kar in kuskura."

Malam ya buɗe ido, muryarsa can ƙasa. "Alhaji, jini fa nake amayarwa. A kan farar kujerar nan? Yaran nan wahala suka sha suka saya maka."

"Da ka cika a hanya fa?"

"Da kwana ya ƙare."

"Da kwana ya ƙare," in ji Baba, "ka bar ni da kujera mai tsabta."

A hanyar komawa, da muka kusa gida, na dubi fuskarsa. Na san fushin Baba, wannan ba fushi ba ne, kunya ce, kuma ban taɓa ganin ta a fuskarsa haka ba. Tausayinsa ya kama ni. Ya ce, "Ba laifinku ba ne, Uwata. Amma shekara da shekaru ina da mota, ban taɓa zama mai mota ba sai yanzu."

Ranar Asabar Umma ta kira ni a waya ta ce in zo in ga abin da ubanmu ya yi. Ashe da safe ya tuƙa motar zuwa majema, inda yake sarin fatu. Bai ɗauki busassu ba. Jiƙaƙƙu ya sa aka tsamo masa daga ramin jima, suna ɗigar ruwan bagaruwa, ya ce a jibga su a kujerar baya da ta gaba. Majeman suka roƙe shi ya bari a shimfiɗa leda, ya ƙi. Ya dawo ya ajiye ta a tsakiyar rana, ba ƙarƙashin bishiya ba, ya rufe gilasai ruf ya shige gida. Duk wanda ya taɓa bi ta majema ya san warin da nake nufi. Da na buɗe ƙofar sai da na ja da baya na dafa bango.

Raina ya ɓaci, kuma ban iya ɓoye ɓacin rai ba. Na shiga gida ina ta faɗa, ina cewa wannan ai almubazzaranci ne. Baba yana zaune a tabarma yana ɓantarar goro. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Tawa ce ko taku?"

Na ce tasa ce.

Ya ce, "To."

An wanke ta ya fi a ƙirga. Kujerun suka koma ja-ja, dabbare-dabbare, warin kuma ya samu wurin zama.

Ranar da aka sallami Malam, Baba ya ce shi zai ɗauko shi da kansa. Na bi shi don in riƙe kwanuka da filas. Ɗan ya tallafo Malam a hankali har bakin mota, ya buɗe masa gaba. Warin ya buge su. Malam ya tsaya cak, ya dubi kujerar, ya dubi Baba, ya sake duban kujerar.

"Alhaji, mushe ka ɗauko?"

"Shiga ko in bar ka a nan."

Ya shiga, ya miƙe ƙafafu, ya gyara zama sosai. Ɗan ya biyo mu a mashin ɗinsa. Tun daga ƙofar asibiti Malam yake mita, wai wannan ko akuya aka sa a ciki sai ta nemi a sauke ta. Baba dai tuƙinsa kawai yake a hankali yana kauce wa ramuka. Da muka zo Ƙofar Wambai, Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan. Gawayin gidana ya ƙare tun kafin in kwanta."

Baba ya taka birki har sai da kwanukan suka zube a ƙafata. Mai gawayi ya kinkimo buhu ya nufi but, Baba ya sauke gilashi ya ce masa ba can ba, ya buɗe ƙofar baya. Na matsa gefe, aka jingina buhun kusa da ni, baƙin ya zubo a kujera da gefen mayafina.  Baba ya kau da kai waje, ya goge ido da hannun rigarsa, ya ce warin nan ne yake shigar masa ido.

Malam ya leƙa ta taga ya ce wa mai gawayin ya ƙaro ɗaya.