Rigar da Ba a Ƙarasa Wuyanta Ba

A unguwarmu ta Mandawari aron lambar asusu kamar aron turmi ne. Wanda ba shi da banki sai ya tsaya a shago ya ce, "Don Allah za a turo mini saƙo," a karanta masa lamba, in kuɗi sun shigo a ciro a miƙa masa. Telan bakin lungunmu ya fi kowa yin wannan alherin. Dattijo ne mai sanyin magana, shi ya ɗinka mini kayan makaranta tun ina firamare.

Ranar da aka yashe asusun mahaifiyata ina wurin aiki. Wani ne ya kira ta cikin ladabi, ya ce daga banki ne, ta karanto masa lambar da ta shigo wayarta. Inna kuwa ko ɓarawo ya yi mata sallama sai ta amsa. Kafin la'asar babu abin da ya rage na adashinta.

Ni na hau dokin zuciya na kai ƙara wurin 'yan sanda. Mai unguwa ya ce a fara zama a zaure tukuna, na ce masa zaure ba ya kama ɓarawon waya. Malamar makaranta ce ni, ina ji da kaina. Ba a daɗe ba aka gano asusun da kuɗin suka fara sauka, ashe na tela ne. Wani baƙo mai shadda ne ya roƙi aro kamar yadda kowa ke yi, ya karɓi kuɗin ya hau adaidaita sahu. Tela ko sunansa bai tambaya ba, don a wurinmu tambayar ma rowa ce. Da tef ɗin awo a wuya aka tafi da shi.

Washegari na koma na ce na janye. Jami'in ya dube ni ya ce, "Malama, magana ta fi ƙarfinki yanzu, ta hukuma ce." Kotu ta ba da beli, amma sai ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa. Lungunmu duk 'yan kasuwa ne da marina, ni kaɗai ce ma'aikaciya, ni kuwa mai ƙara ce, aka ƙi karɓar tsayawata. Aka yi ta ɗage zama: yau mai gabatar da ƙara bai zo ba, gobe ana jiran takarda daga banki. Baƙo mai shadda dai ko ƙeyarsa ba a gani ba.

Babu wanda ya zage ni a unguwa, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Kunya ta sa na koma zagayawa ta unguwar Sheshe in zan tafi makaranta, don kada in ga shagon a rufe.

Ana gobe Sallah matar tela ta yi sallama da ƙunshi a hannu. Atamfar Inna ce da ta kai ɗinki kafin abin ya faru. Matar ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Hajiya, na je ganinsa. Ya ce in kawo miki, ki yi haƙuri bai samu ya ƙarasa wuyan ba."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce bari in kai wa wani tela ya gama kafin safiya. Inna ta ce, "A'a. Mai ɗinkin zai fito ya ƙarasa."

Da tsohuwar riga ta je Idi. Wata Sallar ta zo ta wuce, rigar tana nan a ninke.