Baba Ja-mu-je, Bakaniken da Ba Ya Duba Mota a Tsaye

Kafin masu shaguna su fara ɗaga ƙofofinsu, Baba Ja-mu-je ya riga ya iso gareji. Ba sifana yake fara ɗauka ba, tsintsiya ce. Zai share ƙarƙashin rumfar kwanon nan tas, har bakin ramin da ake shiga a leƙa cikin mota, don a cewarsa ƙasa mai tsabta ce ke tona asirin motar da ta kwana tana ɗigar da mai. Daga nan ya jera sifanoninsa a kan tsohon buhu, daga ƙarami zuwa babba, ya tsiyayi shayi a wani kofi da ya sha faɗuwa, ya zauna a kan kujerar motar da aka cire tun gashinsa yana baƙi. Shayin nan yawanci hucewa yake yi ba a sha ba. Mai ɗakinsa ta yi mita har ta gaji, ta ce da ta san ƙudaje take dafa wa da ta rage sukari.

A ƙarshen watan nan zai ajiye sifana. Kunnuwansa sun yi nauyi, na hagun ma ya tafi gaba ɗaya, 'ya'yansa kuma sun sa shi a gaba sai ya huta. Shi ya sa na ga bai kamata mutum irin wannan ya rufe ƙofa ya tafi gida shiru ba, kamar bai taɓa yi wa kowa komai ba.

Sunan nan direbobi ne suka laƙaba masa. Ka kawo masa motar dizal ka ce tana karkarwa, ko ta daina ja, ba zai ɗaga bonet ba. Zagayowa zai yi ya buɗe ƙofar gefen mai zaman banza, ya gyara zama, ya ce, "Ja mu je." In ka sauke kayan da ka saba ɗauka, zai sa ka mayar. In wani ka ba ya kawo motar, zai ce a kira mai tuƙa ta kullum. Yana cewa mota a gareji kamar mara lafiya ce a gaban likita, da ta ga sifana sai ta warware, ciwonta na gaskiya yana can a hanya. Masu gaggawa kan fita suna tsaki, su tafi wurin waɗanda za su kwance rabin inji kafin su ji ƙorafin mai mota. Da yawansu suna dawowa suna sosa ƙeya, shi kuwa ba ya tuna musu.

A hanya ba ya yawan magana. Tafin hannunsa yana kan sandar giya, idonsa yana kan madubin gefe, yana kallon abin da salansa ke fitarwa. Baƙin hayaƙi, ya san inji ba ya samun iska, ko injekta na zuba mai fiye da kima. Farin hayaƙi mai yaji a ido, man ne bai ƙone ba. In kuwa mota ta yi laushi babu hayaƙi, to yunwa take ji, man ne ba ya isa. Kuma daga mai sauƙi yake farawa: filta, tiyo, iskar da ta shiga layin mai. Famfon mai shi ne na ƙarshen abin da yake taɓawa. Wani mai dakon bulo ya sha ba da labarin yadda aka yanke wa injinsa hukuncin kisa, Baba ya bi shi hanya, ya dawo ya zaro ledar da ta toshe bakin bututun iska, ya miƙa masa ya ce ya kai gida ya ajiye.

Amma labarin da ya sa na ɗauki alƙalami na Auta ne.

Auta direba ne, yana jan a-kori-kurar yayansu babba, yana ɗebo kwandunan tumatir daga gonaki zuwa kasuwa. Yayan ne ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa tuƙi, da wannan motar kuma Auta yake ciyar da matarsa da yaransa. Sai motar ta tsiro da wani hali. Da safe ta tashi garau, ta yi tafiya mai nisa lafiya lau, amma a hanyar dawowa, da an fara hawan dogon tudun da ke gaban gada, sai ta fara fizga, injin ya riƙa tari, Auta ya taka totur har ƙasa ta ƙi ja. Sai ya gangara gefen titi ya tsaya, tumatir yana narkewa a rana. Ya kira Yaya. Yaya ya zo a kan babur rai a ɓace, ya leƙa tanki ya ga mai, ya murza makulli, mota ta tashi ta haye tudu kamar ba ita ba.

An canza filta. An kai injektoci an wanke. An kwance famfon mai an mayar. A gareji lafiya, a hannun Yaya lafiya, a hannun Auta sai ta kwanta. To me kake so mutane su ce? Tun kafin wannan ma Yaya yana ƙorafin mai na saurin ƙarewa, kuma ba a rasa masu kai masa magana a kunne ba. Yanzu sai zance ya zama ɗaya: Auta na zuƙe dizal yana sayarwa, yana cika tanki da gurɓataccen mai, in ya makara a wani wurin kuma ya ɗora wa mota laifi. Matansu suka daina shiga ɗakin juna. Yaya ya ce in aka sake asarar kaya sau ɗaya, Auta ya ajiye masa makullinsa, kuma kada ya ƙara kiransa yaya.

A wannan hali Auta ya shigo garejin Baba, idonsa ja, yana rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce rantsuwa ba ta gyara inji, a je a loda kaya. Suka bi hanyar tare. A kan tudun motar ta yi halinta. Baba ya lura babu hayaƙi, yunwa ce. Ya sauka ya danna ɗan famfon hannu da ke kan filta, ya ji ya lotse ya ƙi tasowa, kamar ana jan sa daga baya. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota da tsufansa, ya shafa cikin tankin, ya ji ƙarfen ya shige ciki. A can gefe kuma ya ga siririn tiyon da ke mayar da rarar mai ya jiƙe, ƙasa ta manne masa. Ya fito yana karkaɗe jiki, ya ce Auta ya buɗe masa tanki.

Auta ya sunkuyar da kai ya ce ba shi da makullin. Yaya ne, tun da ya fara ƙorafin mai, ya cire tsohon murfin ya sa sabo mai makulli, kuma makullin yana aljihunsa, shi kaɗai ke zuba mai, amma duk da haka ana cewa Auta ya san dabarar buɗewa.

Baba ya daɗe yana kallon murfin nan mai sheƙi. Ya riga ya gane. Tsohuwar mota irin wannan ta murfi tankinta ke numfashi. Akwai wata 'yar ƙofa da iska ke shiga ta maye gurbin man da inji ya sha. Sabon murfin kuwa a toshe yake ruf. In aka yi tafiya mai nisa sai tanki ya shaƙe, ya riƙe mai ya hana famfo ja, ga kaya ga tudu, inji ya galabaita. Da Yaya ya zo ya buɗe don ya kama ɓarawo, iska ta shiga, ciwo ya tafi. Baba ya san zai iya sayo wani murfi ya ɗaura, mota ta warke a ranar. Amma ya ga in ya yi haka, mota ce kawai za ta warke. Yaya zai ce yaron ya ji tsoro ne ya daina, zargin kuma ya zauna daram. Ya kuma san in ya aika masa da baki cewa murfinka ne, babba ne, girman kai zai hana shi karɓa. Don haka bai ce wa Auta komai ba. Suka jira har motar ta huce ta lallaɓa da su gida.

Washegari ya aika a kira Yaya. Yaya ya zo yana cika yana batsewa, ya ce shi ba shi da lokacin yawo a titi, motarsa lafiyarta ƙalau, ciwon yana kujerar direba. Baba ya ce ya ji, amma shi dokarsa ɗaya ce, kuma yau shi Yayan ne zai tuƙa. Ya roƙe shi alfarma guda: kada ya taɓa murfin tanki sai ya ce masa. Suka shiga su uku, Baba a tsakiya, wa da ƙane ba mai kallon wani. Tafiya ta yi nisa, Yaya yana ta yabon motarsa da ƙarfi don wani ya ji. Aka ɗebo kaya aka juyo. Suna fara hawan tudun, sitiyari ya fara rawa a hannunsa. Ya sauko da giya, ya taka totur, ya sake takawa, gumi ya keto masa. Motar ta ƙi. Ya gangara gefe, daidai inda ƙanensa ya saba tsayawa.

Baba ya sauko da su, ya tsayar da su a bakin tanki, kowa a gefensa.

"Ni kunnena ya mutu," in ji shi. "Ku da naku ke aiki, ku matso. Yallaɓai, buɗe a hankali, ku faɗa min abin da kuka ji."

Yaya ya sa makulli ya murɗa. Iska ta ja da wani dogon shuuu, tankin ya yi ƙara daga ƙasa yana komawa daidai. Baba ya danna famfon hannu, ya ce a tayar. Motar ta tashi sumul. Sai a lokacin ya yi bayani, a taƙaice, yana kallon murfin ba fuskar kowa ba. Ya ce murfi ne mai kyau, kawai dai ba na wannan motar ba ne, kuma kowa zai iya yin kuskuren. Ya kama hannun Yaya ya kai shi kan jiƙaƙƙen tiyon nan, ya ce ga wanda ya daɗe yana shan mansa.

Yaya ya dubi yatsunsa da suka yi naso da dizal. Can ya zare makullin motar ya miƙa wa Auta.

"Auta, hau ka ja mu. Na cuce ka, ƙanena."

Auta ya ce ba komai, Yaya, ya wuce. Amma ya daɗe a kujera yana goge ido da bayan hannu kafin ya iya sa giya. Baba kuwa ya juyar da kai yana kallon tumatir, yana mitar cewa rana na yi, su yi sauri.

Baba, kai ne ka ga ciwon mota ka ga na masu motar, ka ƙi gyara ɗaya ka bar ɗaya. Kai ne ka wanke yaro ba tare da ka tozarta babba ba. Kai ne ka yi yini biyu a kan titi da ciwon baya, kan abin da wani zai gama a tsaye ya karɓi godiya. Ban san adadin injinan da ka hana a kwance a banza ba, ban san direbobin da ka raba da sunan ɓarawo ba, kai ma na tabbata ba ka ƙirga ba. Na dai san da na tuna maka wannan labarin, hannu ka kaɗa ka ce ai iska ce ta yi aikin, kai rakiya kawai ka yi. Wannan halin naka yana ba ni haushi, yana kuma sa ni ƙaunarka.

Mai ɗakinsa ta ce ita ba ta yarda zai zauna a gida ba. Ta ce ko injin niƙan maƙwabta ya canza murya, shi da ba ya jin sallama sai an maimaita, zai ɗora hannu a bango ya ce bel ɗinsu ya saki. Ta riga ta gargaɗe shi kada ya kuskura ya ce mata "ja mu je" a kan keken ɗinkinta.

Ku masu sifana da kuke tasowa, da ku masu motoci, da duk wanda aka taɓa kawo wa ƙarar wani, ga abin koyi. Kada ku yanke hukunci a inuwar rumfa. Ku shiga motar, ku bi hanyar da mutum ya bi, da kayan da ya ɗauka, ku je har kan tudun da ya gagare shi, sannan ku yi magana.

Mun gode, Baba. Allah ya huta gajiya, ya ba da lafiya, ya sa ka sha shayinka da zafinsa. Murfin nan mai makulli har yanzu yana rataye a ƙusa a garejin, Yaya ne ya ce a bar shi nan. Ranar rufe ƙofa kuwa an riga an gama magana: a-kori-kurar ce za ta zo ta kwashi akwatin sifanoni da tsohuwar kujera. Wa da ƙane sun ɗan yi gardama kan wanda zai tuƙa, Yaya ya ce Auta ne direba. Kai dai ka zagayo ka zauna a inda ka saba. A wannan karon su ne za su ce maka, Baba, ja mu je gida.