Yabon da Ya Raba Baba da Makulli

Da ma ni an san ni da surutu, ba na musu. Amma ban taɓa jin kunyar bakina ba kamar shekarar da nake koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kazaure.

Makarantar tana da bas guda mai ɗauko yara daga Roni, ni ma ita nake bi. Direbanta dattijo ne ɗan unguwarmu, kowa Baba yake ce masa. Ko akuya bai taɓa bugewa ba. Da wannan aikin yake riƙe da marayu huɗu da ƙanensa ya bari.

Sai mai makaranta ya kafa doka, duk direban da ya kai sittin ya ajiye makulli. Baba ba shi da takardar haihuwa, wa zai rubuta masa a zamaninsu? Ya je kotu ya yi rantsuwa, ya kawo takarda mai cewa hamsin da biyar. Dokar kam na ji ta, zancen takardar ne ban sani ba.

Ranar taron iyaye da malamai aka zo kan yabon direba. Ba wanda ya kira ni, na miƙe zumbur. Na ce Baba uba ne a wurina, sa'an mahaifina ne, rana ɗaya wanzami ya yi musu kaciya, a zaure ɗaya suka yi jinya. Don rashin ta-ido har na ƙara da cewa mahaifin nawa bana ya cika saba'in. Wai ni nan girmama shi nake yi! Aka yi ta tafi. Mai makaranta bai tafa ba, Baba kuwa ya sunkuyar da kai.

Ran Alhamis aka karɓi makullin. Da la'asar na je gidansa na tsuguna, wallahi na kasa haɗa ido da shi.

"Tashi, ɗana," in ji shi. "Kai gaskiya ka faɗa, ni ne na rantse a kan ƙarya. Kada dai mahaifinka ya ji dalili."

Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Bayan sati biyu na hango shi a bakin tashar Roni a kan babur, cikin samarin 'yan acaɓa, yana kiran fasinja. Na juya na bi ta lungu.