Jirgin Yayan Emerise

Emerise Larade ba ta taɓa kama ƙaguwa ko guda ɗaya ba a rayuwarta, amma da wuya ka sami jirgin kamun ƙaguwa a gaɓar nan tamu ta Cape Breton da bai bi ta hannunta ba. Aikinta awon jirage. In ka sayi sabo, ko ka yi wa tsoho ƙari, kamfanin inshora ba ya ko kallonka sai Emerise ta zo ta auna, ta sa hannu cewa jirgin nan in ya karkata zai dawo. Ni kuwa injin ɗaga kaya na kwata, inda jirage ke tsayawa, nake tuƙawa, kuma tun tana sabuwar dawowa daga karatu nake sauke mata tubalan siminti inda ta nuna da yatsa.

Ita ce autar gidansu. Yayanta Placide ne ya rene ta, shi ya ajiye makaranta ya shiga teku, kuma da guminsa ta tafi birnin St. John's ta karanto ƙirar jirage. Ranar da ta dawo da takardarta ya zagaya da ita kwata yana nuna wa kowa, har da waɗanda suka san ta tun tana rarrafe.

Yadda take aikin ba shi da armashi. Sai ta jira safiyar da babu iska, ta kori kowa daga cikin jirgi, ta sa a sassauta igiyoyi. Ta rataya zare mai ɗan dalma a ƙarshensa, irin na magina, a cikin rumbun jirgin. Ni in sauke tubali a gefen dama, jirgi ya ɗan karkata, ta duba inda zare ya koma. In ɗauke in kai hagu, ta sake dubawa. Haka za mu wuni. Daga wannan ɗan motsin zaren take gane inda nauyin jirgi ya taru, ko can ƙasa ko can sama. Masunta suka sa mata suna Malama Zare. Ba ta taɓa amsawa ba, ba ta kuma taɓa hanawa ba. In an tashi cin abinci, cikin motarta take shiga ta ci burodinta ita kaɗai.

Shi kuwa Placide mutum ne mai baki da dariya, kuma jirginsa, Belle Alvina, wanda ya sa wa sunan matarsa, ya yi ƙaurin suna wajen fizga. Wanda ya ƙera shi ya zuba masa siminti mai yawa a gindi, saboda haka in igiyar ruwa ta ture shi, nan take yake zaburowa ya miƙe. Wanda ke tsaye a kansa gwiwoyinsa ke shan wahalar. Yara ba sa daɗewa a aikinsa. Placide dai ya daure har ya fara furfura, sannan gwiwoyi suka ce sun gaji. Da safe sai Alvina ta taimaka masa ya sa takalmi.

Wani hunturu, jirage na kan tudu, ya shiga cikin nasa da guduma da kurfi ya farfashe rabin simintin nan ya fitar da shi a bokiti. Ya kuma sa aka yi masa bene na ƙarfe a bayan ɗakin tuƙi, don ya jibga tarkunan ƙaguwa a sama ya kwashe su a sawu ɗaya. Bai yi shawara da ƙanwarsa ba. Ya ce min ai ba a tambayar likita kafin a yi aski.

Da ƙanƙara ta fara narkewa aka tura jirgin ruwa, sai ga shi ya zama wani abu dabam. Fizgar nan ta tafi. Yana rausaya a hankali, ya je dama cikin natsuwa, ya komo hagu cikin natsuwa. Placide ya tara mu, ya ajiye kofin shayi cike a kan teburin ɗakin tuƙi, ya zagaya da mu bakin mashiga ya dawo, ko ɗigo bai zuba ba. Kowa ya yaba. A nan garin, jirgi mai laushin tafiya shi ake kira jirgin kirki, kuma ni ma a ranar haka na ce.

Emerise na tsaye a kwata lokacin da muka dawo. Wani jirgi ya wuce, igiyarsa ta daki Belle Alvina, ya kwanta gefe guda, ya ɗan tsaya can kamar mai tunanin ko ya tashi ko ya bari, sannan ya taso. Na ga ta cusa hannuwanta cikin aljihu.

Placide ya ɗago kai ya hango ta. "Auta, kin ga angon? Kawo zaren nan naki ki yi mana albarka, saura kwana kaɗan a buɗe teku a fara kamun ƙaguwa."

"Zan kawo, Yaya," in ji ta.

Muka yi awon ranar Laraba. Tubalin da a da in na sauke da ƙyar jirgin ke motsi, wannan karon ya kwantar da shi har na ɗaga ƙafa daga kan injin. Ta sa aka maimaita. Ta tafi gida ta yi lissafinta, ta dawo da yamma ta same shi a gidansa ana zuba miyar kaza da dankali. Ina wurin, don Alvina ba ta barin baƙo ya fita da yunwa.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce laushin nan da yake jin daɗinsa ba lafiya ba ce, kasala ce: nauyi ya koma sama, jirgin ya rasa ƙarfin da zai dawo da kansa. A bakin mashiga ba komai. Amma a jibga tarkuna a benen nan, ruwa ya daskare a jikinsu, igiyar ruwa ta zo ta gefe, zai kwanta ya ƙi tashi. Ta ce a mayar da simintin, a sauke benen.

Ya yi dariya tukuna. Ya ce shekarunsa a teku sun fi nata a duniya, kuma ƙafarsa ta fi zarenta sanin jirgi. Da ya ga ba ta murmusa ba, ya ajiye cokali.

"In na mayar da simintin nan, gwiwoyina ba za su kai ni ko'ina ba. Kin sani."

"Na sani."

"To, sa hannu. Ni zan shiga, ba ke ba."

"Kai da yaran mutane, Yaya. Ba zan sa ba."

"Da kuɗin ƙaguwata kika koyo wannan rashin kunyar?"

"Da su," in ji ta. Ta tashi ta ɗauki rigar sanyinta, ta yi wa Alvina godiya.

Placide ya kira wani injiniya daga Halifax. Mutumin ya zo da na'urori masu fitila, ni na sauke masa tubalan nan dai, ya faɗi abin da Emerise ta faɗa, sai dai shi da Turanci, ba da harshenmu ba. Placide ya ba shi shayi, ya raka shi har mota, ya ce mutumin kirki ne, aikinsa yake yi. Ita kuwa bai yafe mata ba. Ya mayar da siminti, ya yanke bene, ya fita teku bayan kowa ya riga ya dasa tarkunansa a wurare masu kyau. Belle Alvina ya koma fizgarsa. Bayan 'yan shekaru ya sayar da shi, ya koma zaman bakin taga da sanda a gefe.

Daga nan magana ta mutu tsakaninsu. In sun haɗu a coci, sai ya ce wa Alvina ta gaya wa injiniya, wato Emerise, ta matsa ya wuce. Gari ya rabu biyu, kuma mafi yawa suna bayansa, don babu wanda ya ga jirgin ya kife. Wannan ita ce masifar aikinta: in ta yi daidai, ba abin da ke faruwa, ba ta da abin nunawa. Ni kaina ban san ko zai kife ba. Na san dai abin ya ci ta. Takan kawo itacen hunturu ta jibge a bayan gidansa lokacin da ta san yana asibiti wajen gashin gwiwa, shi kuma ya ƙona itacen yana cewa Alvina ce ta saya.

Da ciwon ƙarshe ya kwantar da shi, Alvina ta aika mata. Ta zo ta zauna a gefen gado. Yana kallon rufi ya ce, "Kin raba ni da teku, Auta."

"Na raba ka," ta ce. Ba ta ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Ya bar ta ta gyara masa matashi.

Ranar jana'iza ina cikin masu ɗaukar akwatin, kuma Placide ba ƙaramin mutum ba ne. Hanyar maƙabartarmu hawa ce, ta bi ta gaban layin duwatsun da aka kafa wa waɗanda teku bai dawo da gawarsu ba, sunaye ne kawai, babu kowa a ƙarƙashinsu. Muka tsaya nan mu sauya kafaɗa, ina haki. Emerise ta matso kusa da ni, idanunta jajur, ta tambaye ni a hankali ko da nauyi.

Na ce, "Kamar ya karya ni."

Ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin. "To, madalla," in ji ta. "Yana ciki."